Kowa da Fulotinsa, Kwata Kuwa ta Layi Ce

Kwalin jirgin fasinja na wasa da kamfanin LEGO ya fitar a 2018 ya zo da guntayen dogo 20: 16 lanƙwasassu, 4 miƙaƙƙu. Idan aka harhaɗa su sai su ba da zobe mai ɗan tsawo, a ɗora jirgi, a danna rimot, ya shiga kewaye. Ranar farko gida kaf a kansa ake tsaye, har da masu cewa wasan yara ne. Kafin mako ya zagayo an gane inda gizo ke saƙar: tsakar ɗaki ba ta jirgi ba ce. Nan ake cin abinci, nan ake shimfiɗa sallaya, nan baƙi ke zama. Dole da dare a kwashe, da safe a sake shimfiɗawa. Dogon kansa ba ya ba da wahala, nan da nan an haɗa shi. Abin da ke kashe gwiwa shi ne tashar da aka ɓata yini ana ginawa, da bishiyoyi, da 'yar gadar da ba ta tsaya ba sai da ƙyar. Duk kwashewa sai wani abu ya ɓalle. A hankali yaro ya gaji, babba ya gaji, kwali ya koma saman kabad.

Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka, waɗanda da yawansu magidanta ne har da masu furfura, su ma ba kowa ke da ɗakin da zai bar wa jirgi ba. Dabarar da suka tsaya a kai ita ce a daina gina garin a dunƙule. A gina shi yanki-yanki, kowane yanki a kan allonsa mai awo ɗaya, yadda za a ɗaga shi da hannu biyu da duk abin da ke kansa, a ajiye a kanta, gobe a sauko da shi a manna da ɗan'uwansa. Da jin haka mutum zai ce ai wannan ba wani aiki ba ne. Haka ne, muddin an san wurin da ba a wasa da shi.

Duk wanda ya taɓa zama a sabuwar unguwa a bakin gari ya san yadda layi ke tashi. An yanka gona fuloti-fuloti. Wannan ya saya bara, ya zagaye da katanga, ya tafi neman kuɗin ci gaba. Wancan ya yi ciki da falo ya tare da iyalinsa, sauran filin ya shuka kuɓewa. Na uku Allah ya buɗa masa, ya ɗora bene. Ba mai tambayar wani launin fentinsa ko inda ya sa kicin. Abu guda ne ba na mutum ɗaya ba, wato kwatar da ta bi ƙofar gidajen. Kowa da kuɗinsa yake gina tasa, daidai faɗin gidansa, amma ruwan da zai bi ta ba nasa ba ne, daga sama ya taho kuma ƙasa ya nufa. In mutum ɗaya ya ɗaga gindin tasa da taƙi guda, ko ya matse ta don ya samu wurin dakali, ko birkilansa ya kauce da ƙafa ɗaya, ruwan layin duka a ƙofar maƙwabcinsa zai kwana. Damina na sauka sai a ji sallama a zaure: "Alhaji, don Allah a duba mana kwatar nan, ruwa ya fara shigo mana." In ba a yi sa'a ba, magana sai gaban mai unguwa.

Garin jirgin da aka gina yanki-yanki haka yake. Allo shi ne fuloti, dogo shi ne kwata, jirgi shi ne ruwan da dole ya wuce. Tsakiyar allo taka ce, ka gina tasha, ka gina kasuwa, ka bar shi daji in ka so. Bakin allo kuwa, inda dogonka zai sadu da na gaba, ba ka da ta cewa, ko da kuwa allon gaban ma naka ne. Sabon shiga yakan ba tsakiyar duk hankalinsa, don ita ce ke ɗaukar ido. Ni a ganina, wanda bai gama da bakin allo ba bai kamata ya ɗora ko bishiya ɗaya ba.

Sa'ar da aka yi ita ce wannan unguwa ba awon igiya ba ce. Ole Kirk Christiansen, wanda ya kafa kamfanin LEGO, kafinta ne a wani ɗan gari mai suna Billund a ƙasar Denmak, ya fara yin kayan wasa na katako a 1932. Bulon roba ya zo daga baya, a 1958 kuma ɗansa Godtfred ya yi rajistar ƙirar da ake amfani da ita har yau: 'yan ƙullutai a sama, bututu a ƙasa, a danna su kama juna. Waɗannan ƙullutai, da zan riƙa kira ido, su ne ma'aunin komai. Daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin bulo milimita 9.6 ne. Akwai siririn bulo, falle, mai milimita 3.2, don haka falle uku daidai suke da bulo ɗaya. Allon da aka fi amfani da shi ido 32 ne kowane gefe, wato santimita 25.6, ya ɗan fi taƙi. Akwai babbansa mai ido 48, santimita 38.4. Bulon da aka yi a 1958 yana kama na bana. Haka ma faɗin dogon: tun jirgin farko mai batir na 1966, mai shuɗin dogo, ba a taɓa canza shi ba, kusan milimita 37.5 ne tsakanin layukansa biyu. Taragon da kaka ya yi wasa da shi zai mirgina a kan dogon jika.

Yanzu a duba yadda lissafin ke faɗawa cikin juna, don a nan daɗin abin yake. Miƙaƙƙen dogo tsawonsa ido 16, faɗinsa ido 8. Guda biyu sun cika allo daga baki zuwa baki, babu ragi babu ƙari. Lanƙwasasshe kuma yana juyawa digiri 22.5, guda 16 su rufe zobe. Daga cibiyar zoben zuwa tsakiyar dogon ido 40 ne, zuwa gefensa na waje ido 44, ke nan faɗin zoben gaba ɗaya ido 88. A jera alluna uku, ido 96. An samu rarar ido 8, huɗu nan huɗu can. Wannan ya sa masu abin suka saba ja da dogo ido 4 daga bakin allo. In kuma dogo biyu ake so a jere, sai a bar 4, dogo ya ci 8, a bar 8 a tsakani, dogo na biyu ya ci 8, a bar 4. A tara, 32 cif. Wanda ya ga dama ya ja nasa ido 3 don ya samu wurin shinge, ya yi abin da mai dakali ya yi: milimita 8 kacal ya ci, amma dogonsa ba zai shiga na gaba ba.

Gidan kwana a kowane layi shi ne mai rigima, don a ƙofarsa kwata ke juyawa. A nan ma haka. Miƙaƙƙen dogo yana zama daram a kan idanun allo, a danna shi ya kama. Lanƙwasasshe ba ya yarda, domin ƙasansa ya karkace, ba ya dacewa da jerin idanun sai a farkon kwana da ƙarshenta, bayan guda huɗu sun cika digiri 90. Abin da ake yi shi ne a shimfiɗa falle mai santsi, marar ido, a ƙarƙashinsa, a kafe shi a kai biyun kawai, tsakiyar ta kwanta sakaka. Wahala ta biyu ta fi wannan. In aka shimfiɗa zoben a kan ƙananan alluna tara, kwanar za ta tsallake iyakar alluna a karkace, a tsakiyar guntun dogo. Ba za a iya ɗaga allo ɗaya ba sai an cire dogon da ya haɗa shi da maƙwabcinsa, an koma gidan jiya ke nan. Maganin yana wurin babban allo. Rubu'in zobe yana cin ido 44, a ƙara rarar 4, an samu 48. Kwana guda cur tana zama a kan babban allo ɗaya, ta shiga ta wannan baki a miƙe, ta fita ta wancan a miƙe. Manyan alluna huɗu sun ba da zobe cikakke. A raba su biyu-biyu, a cusa ƙananan alluna uku a jere a tsakani, na sama da na ƙasa su ɗauki miƙaƙƙun nan huɗu da suka zo a kwali, na tsakiya ya zama fili fetal. Yanki bakwai ke nan, tsawo santimita 102 da 'yan kai, faɗi kusan 77. Rabin falankin filawud ya ɗauke shi har da saura. Duk lokacin da aljihu ya yi nauyi, a ƙaro ƙananan alluna uku da miƙaƙƙu huɗu, gari ya ƙaru da santimita 25.6 ba tare da an taɓa abin da aka riga aka gina ba. Haka layi ke tsawo, gida-gida.

Saura maganar tsayi, wadda ita ce ke haɗa maƙwabta faɗa fiye da komai. Kowa ya san mutumin da ya zo daga baya ya cika fulotinsa da jar ƙasa tifa goma, gidansa ya koma kan tudu, na kusa da shi ya zama rami. Allon LEGO siriri ne, bai kai kaurin falle ba, kuma yana lanƙwashewa. Ka ɗaga shi da gini a kai, ya yi ciki, ginin ya ɓalle daga ƙasa. Wasu masu sha'awar abin a Sifaniya, ta mujallarsu HispaBrick, suka fito da tsarin da suka kira MILS, wanda ya bazu ƙasashe da yawa. A kan allo a dasa bulo nan da can kamar ginshiƙai, a zagaye gefe, sannan a rufe sama da falle. Sabuwar ƙasa ta tashi bulo ɗaya da falle ɗaya sama da allon, milimita 12.8. Yankin ya zama kamar akwati, a ɗauke shi da hannu ɗaya bai motsa ba. A gefuna akan sa bulo mai huji a wurare sanannu, don a soka 'yar ƙusar roba ta riƙe yanki da yanki. Ban da ƙarfi, akwai wata riba: an samu ƙasan da za a haƙa. Rafi, kududdufi, ramin gyaran mota, duk za su iya nutsewa ƙasa da daɓe, abin da ba ya yiwuwa a kan allo tsirara.

Ba dole ba ne a bi wannan tsari. Dole ɗaya ce: duk abin da aka zaɓa a allon farko, a kansa za a tsaya. Wanda ya ɗaga yanki ɗaya ya bar na kusa a ƙasa ya yi wa jirgi matakala. Ko falle guda ne bambancin, kada a raina shi. Dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, ke nan na wasan ya yi kusan kashi ɗaya cikin 38 na na gaske. A wannan awo, tudun falle guda ya kai santimita 12 a dogon gaske. Kan jirgin zai iya daddagewa ya haye, amma taragai da maganaɗisu suke riƙe da juna, girgiza ɗaya sai ka ga kai ya yi gaba, fasinja sun tsaya a daji.

Tsarin na Sifaniya yana cin bulo, wannan gaskiya ce. Allo ɗaya ido 1,024 ne, kuma sai an rufe shi duka, da manyan falle huɗu masu ido 16 kowane gefe ko ƙanana da yawa. Amma ginshiƙan ciki ba mai ganinsu. A nan ake binne bulon da rana ta ƙona, da mai launin da ba a so, da wanda yaro ya tattauna. Tunda haƙƙin mallakar ƙirar bulon ya ƙare shekaru da dama da suka wuce, kamfanoni da yawa, musamman a Sin, suna yin irinsa da araha. Wasu suna kamawa da kyau, wasu sai an sa ƙarfi, wasu kuma sako-sako. Ban ga laifin cika tsakiya da ƙarƙashi da su ba. Abin da zai taɓa dogo da abin da zai zauna a bakin allo, nan ne ba a neman araha. Mai gida mai hankali zai iya yin fentin ɗaki da mai ruwa-ruwa, amma ba ya rage wa kwata siminti.

Akwai inda misalin nan ya rabu da abin da ake misaltawa, kuma sai an faɗa. Kwata ba ta aiki sai da gangara. Dogo kuwa ba abin da ya ƙi jini kamar gangara. Kusan kowane yaro, da kowane uba in za a faɗi gaskiya, burinsa jirgi ya hau gada ya tsallake kansa. A yi lissafi tukuna. Hawan da jirgin ke ɗauka cikin kwanciyar hankali shi ne falle ɗaya a kowane guntun dogo, milimita 3.2 a cikin 128, kashi biyu da rabi cikin ɗari. Falle biyu ya fara nishi, musamman in yana jan taragai. Kafin wani jirgi ya wuce ta ƙarƙashi ana bukatar sarari, a ce bulo 14. Falle 42 ke nan, guntayen dogo 42, fiye da mita biyar na hawa, da wasu biyar na sauka. Ɗakin ma bai kai haka ba. A ƙaramin gari, dogo ya zauna a shimfiɗe, ƙasar ce za ta yi hawa da sauka a gefensa. A gina tudu jirgi ya huda ta cikinsa, a haƙa rafi ya tsallake. Mai kallo zai rantse jirgin ya hau ya sauka.

Wani abin da ba a gane shi sai an ji ƙarar karo: kwanar nan ta yi tsauri ƙwarai. Ido 40 santimita 32 ne, a awon gaske bai wuce mita 12 ko 13 ba, alhali kwanar jirgin gaske ɗaruruwan mita take ci. Don haka dogon tarago in ya shiga kwana, goshinsa da wutsiyarsa suna leƙawa waje, cikinsa yana yankowa ta ciki. Dandamalin tasha, turken fitila, katangar rami, duk abin da aka matso da shi kusa da kwana sai an kwashe shi, kamar rumfar mai shayin da ta shigo titi ranar da tifa ta zo juyawa. Yawancin jiragen da kamfanin ke sayarwa faɗinsu ido 6 ne. Masu gina nasu sukan kai 7 ko 8, don mai 6 ya yi sirantaka a kan dogo mai wannan faɗi, mutum-mutumi ɗaya kawai ke zama a jeri. To mai 8 ya fi leƙawa. Kafin a kafa komai a gefen dogo, a ɗauko tarago mafi tsawo da ake da shi, a tura shi da hannu a hankali ya zagaye, a ga inda ya kai, sannan a ƙara ido ɗaya saboda wanda za a saya baɗi. Akwai ƙananan kamfanoni da ke yin kwana mai faɗi, mai ido 56, 72, 88, har 104, kowace ta fi ta baya da 16 don su jeru a wancan tsari na dogo biyu. Jirgi yana kyau a kansu matuƙa. Amma zoben mai 104 ya haura mita ɗaya da rabi a faɗi, wannan sai mai falon da ba a zama a cikinsa.

Wutar jirgin ba ta da dogon zance yanzu. A 1969 an fito da mai bolt 12, da ƙarfen wuta a tsakiyar dogo. A 1991 aka koma mai bolt 9, inda dogon kansa ke ɗauke da wutar, har zuwa 2007 da aka daina. A wancan zamani mahaɗa ɗaya in ta yi datti, jirgi ya tsaya cak. Daga nan aka koma dogon roba zalla da batir a cikin jirgi, da rimot irin na talabijin wanda sai ya hangi jirgin yake aiki, in ya shige rami sai a jira ya fito. Tun 2018 kuwa Bluetooth ne, da ƙananan batura shida, a sarrafa da rimot ko da waya. Ga mai gini yanki-yanki wannan rahama ce, babu wayar da za a ja daga allo zuwa allo, kuma ko an ɗauke wuta jirgi na tafiya. Baturan caji kawai za a tanada, don na yarwa za su cinye kuɗin allo biyu kafin a ankara.

In an gama da baki, da tsayi, da sararin kwana, sai a saki hannu. Tsakiyar fuloti ta yara ce. Yarinya ta ce kasuwa take so mai rumfuna ja da rawaya, a ba ta allo guda. Ƙaninta ya ce shi gidan zoo zai yi, ya sa raƙumin dawa kusa da jirgin sama, a ƙyale shi. Ba tsarin da ya hana. "Baba, in sa gidana a nan?" Amsar ita ce ya sa duk inda ya so, ban da kan ido 12 na gefen waje, nan hanyar jirgi ce. Uban da ya kasa danne zuciyarsa, ya riƙa bi yana gyara wa yara gini don launi bai dace ba, zai wayi gari shi kaɗai a unguwar. Ya yanki nasa fulotin ya yi ƙwarewarsa a can. In ma gidan bene yake so na a zo a gani, kamfanin yana da jerin gidaje da ya fara da Café Corner a 2007, yawancinsu a kan allo mai ido 32, masu manne wa juna da ƙusar roba. Guda ɗaya zai zauna daidai a filin nan na tsakiya. Sai dai a yi hattara da na goye, domin ƙananan bulon ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, baki suke kai komai. Su akwai nasu manya, Duplo, har da jirginsu.

Ranar da wannan tsauri na bakin allo ke biyan bashinsa ita ce ranar haɗuwa da baƙo. Tun kafin masu bulo, masu ƙananan jiragen ƙasa na ƙarfe sun san haka: ƙungiyar NTRAK a Amurka tun 1973, da FREMO a Turai tun 1981, sun rubuta yadda ƙarshen kowane yanki zai kasance, suka bar tsakiya ga mai shi. Masu LEGO suka bi sahu. A tarurruka irin na Skærbæk a Denmak da Brickworld kusa da Shikago, mutanen da wataƙila ba su taɓa shiga gidan juna ba sukan sauke yankunansu daga but ɗin mota, a jera a kan tebura, a manna, jirgi ɗaya ya ratsa gonar wannan, ya bi ta masana'antar wancan, ya tsaya a tashar na uku. A gida ma ƙaramin irin wannan na iya faruwa. 'Ya'yan wa da na ƙani, kowa ya gina nasa a gidansu, ranar Sallah a zo da su gidan kaka a haɗa. Takarda ɗaya ta isa a raba wa kowa: ido 4 daga baki, tsayi kaza.

Game da abin da za a fara ƙarowa bayan kwalin farko, ni ba tarago zan ce ba, ba kuma gini ba. Mararrabar dogo ce. Jirgin da ke zagaye kawai, kallonsa ake yi, kuma kallo yana ƙarewa. Da an samu reshe guda inda za a kauce a ajiye tarago, a koma da baya a ɗauko wani, wasa ya samu aiki: wannan ya zama direba, wannan mai juya dogo, a yi ta gardamar wa ya saki jirgi kafin a gyara hanya. Mararrabar tsawonta ido 32, allo guda daidai. Reshenta in aka sa masa lanƙwasasshe ɗaya yana dawowa ya jeru da babban dogon, ido 16 tsakiya zuwa tsakiya, wato gurbin dogo na biyu a lissafin nan na 4, 8, 8, 8, 4. Sai dai reshen yana zarce allonsa da ido 16, don haka a ƙara tsawon zoben da jeri ɗaya kafin a saya. A kuma lura akwai ta hagu akwai ta dama. Akwai manhajar kwamfuta kyauta, BlueBrick, da ake jera dogo da alluna a cikinta a ga ko za su rufe. Takarda mai gida-gida ta lissafi da fensir ma suna yi.

Ajiya ita ce ta ƙarshe, kuma tun kafin a fara gini ake tunaninta. A auna tsayin kantar da yankunan za su kwana, ko sararin ƙarƙashin gado, shi ne zai yanke tsayin gini mafi tsawo. Abin da ya wuce haka, hasumiya ko bene, a gina shi yadda zai ɗago hawa-hawa, a zaunar da kowane hawa a kan falle mai santsi da ido biyu ko uku kawai masu riƙe shi. Kada a manna komai da gam, in an manna an kashe damar sakewa. Rana tana mayar da farin bulo da toka da shuɗi rawaya-rawaya, don haka a nisanta da taga. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga tsakanin idanu inda tsumma ba ya kaiwa, sai da burushin fenti mai laushi, tana kuma taruwa a kan zoben robar da ke ƙafafun kan jirgi har ya riƙa sulɓi a wuri ɗaya. Tsohon zanen gado a lulluɓe ya rage rabin wannan aiki. A kula da 'yan haƙoran da ke ƙarshen kowane dogo, masu kama na gaba. Suna ɗan leƙowa waje da bakin allo, kuma su ne ke fara karyewa in aka tura yanki ya daki bangon kanta. A bar musu sararin yatsa biyu ta kowane gefe, ko a toshe su da guntun soso kafin a tura.